An Ɗaura Aure a Gadarif, Saura Biza

 Sharhinmu na yau zai kai mu gabashin Sudan, garin Gadarif, inda mata da yawa ke zaune da igiyar aure a kansu, mazajensu na wata ƙasa, ba faɗa ya raba su ba, ba saki ba, takarda ce kawai ta shiga tsakani.

Wanda ya san Gadarif da kaka ya san ta. Daga watan Oktoba ake shiga yankan riɗi, dawa ta biyo baya, manyan motoci su yi ta sauke buhuna a kasuwar amfanin gona ta garin, wadda ta yi suna a duk faɗin Sudan wajen gwanjon riɗi. Ƙasar baƙar laka ce mai danƙo, da damina mota ba ta iya bin hanyoyin ƙauye, kuma tun shekarun 1940 aka fara nomanta da tarakta a wajajen Gadambaliya. In kuɗin kaka suka shigo hannu sai bukukuwa su tashi. A ƙauyukan Hausawa na bakin kogin Rahad da na Atbara, da unguwanninsu na cikin gari, akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan La'asar, a kawo dabino da alewa, waliyyi ya zauna, shaidu su zauna, malam ya yi huɗuba, a ambaci sadaki, a shafa fatiha. Sau da yawa mutum ɗaya ne ba ya wurin, shi ne angon. Yana Riyad ko Jidda, ko yana bin tumakin wani Balarabe a hamadar Najdu, ko yana wani gari mai sanyi a Ingila. Wansa ko baffansa ne ya karɓa masa auren, shi kuwa an tura masa hoton taron ta WhatsApp.

A shari'a wannan aure ba shi da tangarɗa, wakilci halal ne, kuma jama'ar unguwa duk sun shaida. Ranar da angon ya ce matarsa ta biyo shi ne zai gane akwai wani ɗaurin auren na biyu a gabansa. Wannan ba malam ke yin sa ba, ma'aikacin ofishin biza ne, shi kuma ba ya karɓar shaidar baki.

Ga Bahaushen Gadarif, tun kafin a zo maganar aure akwai tambayar da ta riga ta: kai ɗan wace ƙasa ne? Tambayar tana da zafi, domin Hausawa ba jiya suka zo ba. Hanyar hajji ta ƙasa, daga Kano da Borno ta Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, ta daɗe tana zubar da mutane a nan. Garin Galabat na kan iyakar Habasha tun ƙarni na 19 mazaunin mutanen yamma ne da ake kira Takari. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kuma aikin auduga na Jazira ya kawo su bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925, daga can suka bazu zuwa gonakin Gadarif.

To amma dokar da Turawan mulki suka yi a 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897. A lura da wannan kwanan wata. Mutanen hijirar Burmi sun iso ne shekaru kaɗan bayansa, saboda haka ga mutum an haife shi a Sudan, an haifi ubansa a Sudan, amma a takarda baƙo ne. Dokar 1994 ta sassauta, ta mai da ranar 1 ga Janairun 1956, ranar samun mulkin kai. Sai dai abin da ke cikin doka daban, abin da ake tararwa a teburin ma'aikaci daban. A watan Oktoban 2008, da wata jarida ta Khartum ta ruwaito cewa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, ya ce Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, maganar da ya musanta daga baya, a Gadarif aka fito kan titi, aka kuma rasa rayuka. A Yulin 2022 ma, bayan kashe-kashen jihar Blue Nile, Hausawan Gadarif da Kasala sun sake fitowa. Mutumin da yake da wannan tarihi a bayansa, in ya shiga ofishin rajista aka ce ya kawo shaida daga dangin ubansa, aka kuma ƙara masa tambayoyin da ba a yi wa na gabansa a layi ba, ya san daga ina abin ya taso.

Ga yadda matakan suke. Sai da takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ake samun lambar ƙasa, wadda aka fara bayarwa a 2011. Sai da lambar ƙasa ake samun fasfo. Sai da fasfo ake zancen biza. Maza kan yi wannan ɗawainiya tun da wuri domin suna son fita neman kuɗi. Mata kuwa, musamman na ƙauye, da yawansu ba a taɓa yi musu ba. An haifi yarinya a ɗaki, ungozoma ta yanke cibiya, an yi suna, an yanka rago, shi ke nan. Ranar da ake neman takardar haihuwarta sai a kai ta likita ya ƙiyasta shekarunta, a rubuta mata 1 ga Janairu, kamar yadda aka rubuta wa ɗimbin 'yan Sudan. A gida Talatu ake kiranta, a makarantar allo Fatsima, a fasfo an rubuta sunan kakanta da wani harafi, mai fassara takardar aure ya rubuta shi da wani. A Gadarif kowa ya san mace ɗaya ce. A gaban kwamfutar ofishin jakadanci mata biyu ne, kuma harafi guda na iya cinye wata shida.

Sai ita takardar auren, wadda a Sudan ake ce wa gasima. Ma'azun ne ke bayar da ita, wato malamin da hukumar shari'a ta ba izinin ɗaura aure, yana da littafin rajista, yana rubuta sunayen ma'aurata da waliyyi da shaidu da sadaki, miji ya ɗauki kwafinsa, mata ta ɗauki nata. In za a fita da ita waje sai kotu ta buga mata hatimi, ma'aikatar harkokin waje ta buga nata, ofishin jakadancin ƙasar da za a je shi ma ya buga. Auren da limamin ƙauye ya ɗaura ba tare da wannan littafi ba, ko da an haifi 'ya'ya biyar a cikinsa, sai an koma gaban alƙali da shaidu an tabbatar da shi. In shaidun sun rasu, ko yaƙi ya watsa su, aiki ya ƙaru.

Mafi yawan mazan Gadarif da ke ƙetare ba Turai suke ba, Saudiyya suke, jirgin ruwa ne daga Sawakin zuwa Jidda. Can ma mutum ba ya tashi haka kawai ya ce matata ta zo. Abin da aka rubuta a igamarsa, wato takardar izinin zamansa, shi ke magana. Likita da injiniya da malamin makaranta da akanta suna iya neman bizar ɗauko iyali su zauna tare. Makiyayi da direban gida da mai aikin gona ba su cikin wannan sahu, kuma gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafili a watan Maris na 2021 ya tsallake su. Wanda ya shiga da umara ya laɓe kuwa, shi kansa ba shi da igama, balle ya yi wa wani.

Wanda sana'arsa ta ba shi dama ma, lissafi na jiran sa. A watan Yulin 2017 Saudiyya ta sa haraji a kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi a igamarsa: riyal 100 a wata. A 2018 ya zama 200, a 2019 ya zama 300, daga Yulin 2020 ya tsaya a 400. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 kowane wata, wato 19,200 a shekara, tun bai biya hayar ɗaki ba, bai sayi buhun shinkafa ba, bai yi inshorar lafiya ba. Wannan kuɗi ya kai ko ya zarce albashin leburori da yawa. Shi ya sa a waɗannan shekarun aka ga abin da ba a saba gani ba: iyalan da suka shekara ashirin a Jidda da Riyad suna tattara kaya suna dawowa Sudan, da yara waɗanda ba su taɓa ganin damunar Gadarif ba, uban kuma ya koma zaman gwauro tare da abokan aiki, mutum shida a ɗaki ɗaya.

Sauran dabarar ita ce bizar ziyarar iyali. Mata ta zo ta yi 'yan watanni, a sabunta, a sake sabuntawa, wa'adi ya cika ta koma. Wasu ba sa komawa. Nan ne ake shiga rayuwar ɓuya: ba ta zuwa asibitin gwamnati, in ta haihu yaron ba shi da takarda, in ta ji motar 'yan sanda gabanta ya faɗi. Ƙarshen wannan hanya sananne ne ga duk Bahaushen da ya zauna a Makka: gidan tarhil na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, a ɗauki hoton yatsu, a sa mutum jirgi, a hana shi dawowa. Mijin da ya ce wa matarsa "ki zauna kawai, kowa haka yake yi" ya sani ita za a kama, ba shi ba.

Duk wannan kafin yaƙi ke nan. Ran 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF, cikin 'yan kwanaki ofisoshin jakadanci suka kulle, ma'aikatansu suka hau jirage. Fasfunan mutanen da suka miƙa don neman biza suka maƙale a ciki. Amurka da Faransa sun tabbatar da cewa sun lalata waɗanda ke hannunsu kafin su fita, wai don kada su faɗa hannun da bai dace ba. A cikin masu waɗannan fasfuna akwai waɗanda saura ƙiris a kira su su karɓi bizar zuwa wurin iyalansu. Wurin buga fasfo na ƙasar shi ma a Khartum yake, ya tsaya cik, sai a ƙarshen watan Agustan shekarar aka buɗe wani a Port Sudan. Daga Gadarif zuwa can, ta Kasala, kusan kilomita 800 ne.

Gadarif ita kanta ba ta faɗa hannun RSF ba, amma yaƙin ya zo mata da ƙafafun mutane. Da Madani ta faɗi a Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwa suka kwararo. Makarantu suka zama masauki, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, layin ofishin rajista ya ninka. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a yawancin ƙasar. Matar da cefanenta ya dogara da abin da miji ke turowa ta manhajar Bankak ta wayi gari ba kuɗi, ba murya, ba labari.

Ko an samu fasfon, ina za a kai shi? Ƙasashen Turai da Amurka suna son mai nema ya zo da kansa a ɗauki hoton yatsunsa, a yi masa gwajin lafiya, wani lokaci a yi masa tambayoyi baki da baki. Tagar da ake yin haka a Khartum ta rufe, sai a tsallaka wata ƙasa. Masar a da tana barin mata da ƙananan yara da dattawa su shiga ba biza, amma daga 10 ga Yunin 2023 ta ce kowane ɗan Sudan sai da biza, mutane suka yi ta kwana a ƙofar ƙaramin ofishin jakadancinta na Wadi Halfa. Habasha ce kusa, kimanin kilomita 150 daga Gadarif zuwa Galabat, a tsallaka gada a shiga Matamma. Sai dai daga Agustan 2023 yankin Amhara shi ma ya kama da wuta tsakanin sojojin gwamnati da mayaƙan Fano, hanyar Gondar ta zama ta kasada. Ita kuma matar aure ba a sake ta ita kaɗai, sai da muharrami, kuɗin tafiya ya zama biyu. Su isa Alƙahira ko Adis Ababa, su kama ɗakin haya su zauna jira. Takardar gwajin tarin fuka da Birtaniya ke nema wata shida take yi. Kafin a kira mutum wa'adinta ya ƙare, a sake wata, kafin nan izinin zamansa a ƙasar da yake jiran ya ƙare shi ma. Mijin na can yana aikin dare yana turo kuɗin gida biyu.

Idan aka kai gaban tagar kuma, auren wakilcin nan da muka fara da shi yakan zama abin tuhuma. Kanada tun watan Yunin 2015 ba ta karɓar auren da aka ɗaura alhali ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin, ko ta wakili ne, ko ta waya. Amurka na karɓa, amma sai in ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin auren, kuma sai an nuna hujja. Birtaniya na karɓa in dokar ƙasar da aka ɗaura shi ta yarda da shi, sai dai za ta nemi shaidar cewa auren na gaske ne kuma sun taɓa haɗuwa. Wace irin shaida? Hotunan su biyu tare, saƙonnin waya, rasitan kuɗi. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya, wadda ko sunan mijinta ba ta faɗa a gaban manya, ita ce za a zaunar a gaban baƙon namiji ta bayyana yadda suka fara soyayya da abin da suke faɗa wa juna da dare. In ta sunkuyar da kai ta yi shiru, mai tambayar na iya rubuta cewa ba ta san mijin ba.

Akwai kuma abubuwa biyu da babu roƙo a cikinsu. Na farko shekaru. Dokar iyali ta Musulmi ta Sudan ta 1991 ta bar ƙofar aurar da yarinya tun tana shekara 10 in alƙali ya amince, amma Birtaniya da Kanada da Jamus ba sa ba matar da ba ta kai 18 ba bizar aure, Denmark ma tun 2002 cewa ta yi sai kowannensu ya kai 24. Na biyu mace fiye da ɗaya. Dokar Birtaniya ta 1988 da ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2003 duk sun hana a shigo da mata ta biyu in ta farko na can. Mai mata biyu a Gadarif sai ya zaɓa, kuma kowa ya san abin da wannan zaɓi ke haifarwa a cikin gida.

Sannan kuɗi. Tun 2012 Birtaniya ta ce mai son ɗauko matarsa sai yana samun fam 18,600 a shekara, ran 11 ga Afrilun 2024 ta mai da shi fam 29,000, ban da kuɗin biza da harajin lafiya na fam 1,035 kowace shekara, ban da jarrabawar Turanci. Jamus na neman matar ta ci jarrabawar Jamusanci ta matakin farko tun tana gida, ita da ko makarantar boko wataƙila ba ta gama ba. Waɗanda suka bi ta Libiya suka tsallake teku suka samu mafaka a Birtaniya suna da wata hanya mai sauƙi ta haɗa iyali, muddin auren ya riga gudun hijirar, amma a watan Satumban 2025 gwamnati ta dakatar da karɓar sababbin buƙatu ta wannan hanya. Amurka kuwa ƙofarta buɗe-rufe take yi wa Sudan. A Janairun 2017 Donald Trump ya sa ta cikin ƙasashe bakwai da ya hana shiga, daga baya aka cire ta. A Yunin 2025 ta sake shiga jerin ƙasashe 12, tare da sassauci ga matan aure da 'ya'yan 'yan ƙasa. A Disamban shekarar aka faɗaɗa jerin, Nijar ta shiga sahun waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, Najeriya ta shiga na waɗanda aka taƙaita wa, aka kuma janye wancan sassauci.

Babu mai musun cewa kowace ƙasa na da haƙƙin tantance wanda zai shigo mata, kuma auren bogi don biza abu ne da ake yi. Amma a kulle taga, sannan a ce sai an zo tagar, wannan ƙi ne da ba a furta ba. An kuwa ga cewa in ana so ana iyawa. A watan Maris na 2022 Birtaniya ta buɗe wa 'yan Yukren shirin haɗa iyali kyauta, ba sharaɗin albashi, ta kuma yarda masu fasfo su cike ta intanet, a ɗauki hoton yatsunsu bayan sun iso. Ba ta yi wa Sudan irinsa ba, ƙasar da ta mulka fiye da shekara hamsin. Kanada ta ɗan taɓuka, ta buɗe hanya ta musamman ran 27 ga Fabrairun 2024, amma da farko buƙatu 3,250 kacal ta ce za ta karɓa, a ƙasar da miliyoyi suka bar gidajensu.

A nan jihar Gadarif ɗin ma akwai waɗanda nasu ya fi tsanani. 'Yan Tigrai da suka tsallako daga Nuwamban 2020 aka zaunar da su a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, wasunsu mazansu ko matansu na Turai, kuma ba su da gwamnatin da za su je wa cikin kwanciyar hankali su nemi fasfo.

Kada mai sauraro na Kano ko Zariya ya ce wannan matsalar Turawa da Larabawa ce kawai. Ɗaliban Najeriya da yawa sun yi karatu a Sudan, musamman a Jami'ar Afirka ta Khartum, wasu sun yi aure a can kafin a kwaso su a 2023. Sashe na 26 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin da ya auri 'yar Najeriya irin wannan dama ba. An kai ƙudurin gyara wannan gaban majalisar tarayya, 'yan majalisa suka kayar da shi a watan Maris na 2022. Ke nan Bahaushiyar Gadarif da ta auri Bakano tana da hanya, Bahaushen Gadarif da ya auri Bakanuwa kuwa baƙo ne a gidan surukansa.

Yanzu mu dawo gida, domin ba duk laifin ne na ofisoshin waje ba. A Gadarif, kamar sauran garuruwan Sudan, in aka ce mai neman aure mugtaribi ne, wato yana aiki a ƙetare, magana ta ƙare. Sadaki ya hau, akwatuna su cika da turare da atamfa da gwal, uwa ta yi ta karɓar barka. Da wuya a samu waliyyin da zai ce, yaro, kawo igamarka in gani, me aka rubuta a sana'arka, dokar ƙasar da kake ta yarda ka ɗauki iyali? Ana ganin tambayar rashin kunya ce. To amsarta ce ke nuna ko yarinyar za ta tare cikin shekara guda, ko za ta shekara bakwai a ɗakin uwar miji tana daka da wanki, ita ba bazawara ba, ita ba mai miji a gida ba. Miji ya zo hutu sau ɗaya a shekara biyu, ya bar ta da ciki ya koma. In ta yi ƙorafi a ce, ba yana turo miki kuɗi ba? In ta yi kwalliya ta fita biki a sa mata ido.

Musulunci bai ɗauki wannan jira da wasa ba. Malamai kan kawo labarin Sayyidina Umar, da ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, ya kuma ƙayyade wa mayaƙa wa'adin watanni su dawo gida. Dokar 1991 ɗin nan ita ma ta ba mace damar zuwa kotu ta nemi a raba auren in miji ya yi shekara ko fiye ba ya nan kuma hakan na cutar da ita. Mata kaɗan ne ke zuwa, saboda kunya da gudun bakin dangi, da kuma cewa kullum ana gaya musu takardu sun kusa fitowa.

Wadda Allah ya yi wa tafiyar ma, ba ta gama ba. A Saudiyya zamanta a rataye yake da igamar miji, shi ke fitar mata da izinin fita da dawowa ta manhajar Absher, ba ta aiki sai da izini na daban. A Birtaniya sai ta shekara biyar kafin ta samu zaman dindindin, in auren ya mutu kafin nan ana iya yanke mata biza, sai dai in ta tabbatar da cewa cin zarafi ne ya kashe shi, kuma mata da yawa ba su ma san da wannan kariya ba. A Amurka, in auren bai kai shekara biyu ba lokacin da ta shiga, katin zama na sharaɗi ake ba ta na shekara biyu. Shi ma mijin ya san abin da ya sa wa hannu: a Kanada alkawarin ɗaukar nauyinta shekara uku ne ko sun rabu, a Amurka kuwa saki ba ya sauke masa nauyin, sai ta zama 'yar ƙasa ko ta yi aikin kimanin shekara goma. Mijin da ke kulle fasfon matarsa a akwati yana ce mata "ni na kawo ki, ni zan mai da ke" zalunci yake yi, kuma a Birtaniya da Amurka da Kanada doka ba ta bayansa.

Inda duk layi ya yi tsawo, samsar, wato dillali, na nan a bakin ƙofa da jakarsa. Zai ce yana da mutum a ciki. Zai yi gasima mai kwanan watan baya, ya ƙara wa yarinya shekara uku, ya mai da mata ta biyu ƙanwar miji, ya sa ɗan wa a cikin 'ya'ya. Ofisoshin nan suna neman gwajin jini na tabbatar da dangantaka in sun yi shakka, kuma a dokar Amurka ƙarya ɗaya a neman biza na iya hana mutum shiga har abada. Samsar ya riga ya karɓi kuɗinsa, wayarsa ma ya sauya lamba.

Saboda haka kiranmu ga sarakunan Hausawa da omdodi, wato dagatai, da limamai na Gadarif, daga cikin gari har ƙauyukan Rahad da Atbara, shi ne kada a shafa fatiha sai a gaban ma'azun da littafinsa. A yi wa 'ya'ya mata jinsiyya da lambar ƙasa tun suna gidan ubansu, kamar yadda ake yi wa maza, a kuma duba cewa sunan da ke wannan takarda shi ne a waccan, harafi da harafi. In angon na nufin Kanada ko Amurka, ya zo da ƙafarsa a ɗaura yana zaune. Kai kuma waliyyi, kafin ka ce "na ba ka", ka nemi ganin igamar, ka tambayi wanda ya san dokar ƙasar, sannan ka gaya wa yarinyar gaskiyar tsawon jiran da ke gabanta, ta amsa da saninta.